Kibiyar da ke Takardar Jinin Ɗana

Tun ina budurwa nake tsoron haihuwar ɗa namiji. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba magana ce da za a ji a bakin yarinya ba. Mu mata a ɗakin Mma, mahaifiyata, duk mun rayu, mun yi ƙashi, muna cin tuwo kamar masu dako. Amma an haifi maza biyu kafin ni, kuma babu wanda ya kai yaye. Ban san su ba. Abin da na sani kawai wata 'yar hular ulu ce mai ruwan toka da ke can ƙasan akwatin Mma, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Na taɓa ciro ta ina ƙarama zan sa wa 'yar tsanata. Ba ta dake ni ba. Ta yi mini wani irin kallo, ta karɓa, ta mayar, ta rufe akwatin, ta yini ba ta yi mini magana ba.

A gidanmu ba a zancen yaron da ya koma. In wata ta tambayi Mma 'ya'yanta nawa, sai ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da zuba wa mutane shinkafa da wake, sana'ar da take yi a bakin hanya a unguwar Maamobi tun kafin in yi wayo. Yayyena duk 'ya'ya mata suka haifa. Ni ce na fara kawo namiji. Ranar suna ana ta kiɗa a tsakar gida, an rufe lungu da rumfa, ni kuwa ina ɗaki ina kallon cikinsa yana hawa yana sauka.

Watannin farko lafiya lau. Ya yi ɓul-ɓul, har masu awo suna ɗaga shi suna nuna wa sauran mata. A katin awonsa layin nan sai hawa yake yi, kuma abin da aka koya mana ke nan: in layi ya yi sama yaro na ci gaba, in ya kwanta ko ya yi ƙasa akwai matsala. Karatuna bai yi nisa ba, ina gane haruffa da lambobi, ba na gane abin da suke nufi in sun haɗu da yawa. Amma sama da ƙasa kam na iya.

Da ya fara zama sai abu ya canza. Kunnensa na dama ya fara ruwa. Aka ba mu magani, ya tsaya, ya dawo ta hagu. Sai tari mai kama ƙirji, sai zazzaɓi. A ƙaramin asibitin unguwa sun soki yatsansa sun gaji, wani lokaci a ce zazzaɓin sauro ne, yawanci a ce ba shi ba ne. Mutanen gidan hayarmu a unguwar Nima suka ce haƙori ne, wasu suka ce iskar babbar gwata ce, magudanar ruwan datti da ke bayan ɗakinmu. Ya shekara, ya wuce da 'yan watanni, kullum da auduga a kunne. Daga ƙarshe wata nas ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti.

Likitar da muka samu mace ce mai gilashi, Turanci da yaren Twi take yi, sai wata nas 'yar arewa da ke juya mini da Hausa. Ta duba bakinsa, ta latsa wuyansa da cikinsa, ta yi tambayoyi da yawa. Can ta ce, a danginku akwai yaran da suka rasu suna ƙanana? Na ce akwai biyu, 'yan'uwana maza. Ta ce me ya kashe su? Na ce ban sani ba. Ta dube ni ta saman gilashi kamar ba ta yarda ba, amma gaskiyata ke nan. Ta ce a ɗebi jininsa a ƙirga masu tsaron jikinsa, in sakamako ya fito in karɓa in kawo mata ranar da take ganin yara.

Sakamakon ya fito tun kafin ranar ganin likita. Matar ɗakin gwaji ta miƙo mini takardar ta taga, ta kira na bayana. Na so in tambaye ta, layi ya ture ni. A cikin trotro, motar haya, na buɗe, yaro na barci a cinyata. Layuka ne 'yan kaɗan. Na ga CD4, da lamba a gabansa. Na ga CD8, da lamba a gabansa, sannan wata 'yar kibiya baƙa tana kallon sama. Can gefe kuma akwai wasu lambobi biyu-biyu da tsinke a tsakaninsu, na lura lambar ɗana ta CD8 ta wuce su duka biyun.

Sama. Wallahi har na yi murmushi. Na ce a raina ashe masu tsaron nasa ma sun fi na mutane yawa. Na sauka a kasuwa na saya masa ayaba.

A gidan hayarmu takardar asibiti ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk wadda ta dawo da ita, tun daga bakin ƙofa za a tare ta, takarda ta bi hannu-hannu, kowa ya faɗi abin da ya gani, wadda ta iya karatu da wadda ba ta iya ba. Ba gulma ake nufi ba, haka ake nuna an damu da ke. In kin ɓoye ma sai a ce kin raina mutane. Da na shiga, mata na tsakar gida kowa da kurfotinta, murhun gawayi, Hajiya mai gidan tana kan tabarma tana tsince gero.

"Amarya, kawo mu gani," in ji ta. Har yau Amarya suke ce mini. "Me suka rubuta wa angon namu?"

Na ba ta. Hajiya ba ta karatun boko, amma ta riƙe takardar nesa da fuska kamar alƙali. Na nuna mata kibiyar.

"Sama ta yi? To ai shi ke nan. Ko a makaranta wanda ya yi sama shi ne na ɗaya. Ki yi sadaka."

Anti mai ɗinki, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta ɗago daga kan kekenta tana dariya. "Hajiya, hawan jininki ma sama yake yi kullum, ban taɓa ganin kin yi sadaka a kansa ba."

Aka kwashe da dariya, Hajiya ta jefe ta da tsakuwar gero. Ni ban yi dariya ba. Maganar ta shige ni kamar ruwan sanyi. Ashe akwai saman da ba alheri ba ne. Zafin jikin yaro ma ai sama yake yi.

Anti ta goge hannu ta karɓi takardar. Ita ta gama sakandare. Na ga dariyar tana barin fuskarta a hankali.

"Ei," ta ce. "CD4."

"Mene ne?" na ce.

"A'a, ba komai." Ta miƙo mini da sauri. Sai kuma ta kasa riƙewa. "Na taɓa ganin irinta ne a wurin wata da na yi jinya. Masu ciwon nan ake yi wa. Amma ban ce komai ba fa, Amarya, ni ba likita ba ce."

Ba ta faɗi sunan ciwon ba, ba ta kuwa buƙaci faɗa ba. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai man da ke soyuwa. Ɗana yana rarrafe wajen wata yarinya sa'arsa da suke wasa da murfin tukunya kullum. Uwarta ta tashi ta ɗauke ta, ta ce wai lokacin wanka ya yi. Da rana tsaka.

Mijina makanike ne a unguwar Alajo. Kafin ya iso ƙofar ɗaki da yamma labari ya riga ya same shi a bakin lungu. Ya shigo da baƙin mai a hannu, bai ko wanke ba.

"Me ya sa kika ba su takardar?"

"Hajiya ce ta ce in kawo."

"In ta ce ki kawo zanen da ke jikinki fa, sai ki kwance?" Ya zauna a bakin gado, ya sauke murya. "An gwada ki lokacin ciki, an ce ba ki da shi. Ni ma an gwada ni da na ba abokina jini. To ta ina?"

Ya ɗauki takardar ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Ya ce mu jira likita, kar in ƙara nuna wa kowa. Ya yi gaskiya. Amma abin da bai sani ba, ni ba ciwon da Anti take nufi ne ke cina ba. Wannan ko da shi ne, na ga mutane suna shan magani suna zuwa kasuwa. Hular nan nake gani. Ina ta cewa a raina, ko wannan kibiyar ce ta ɗauki yayyena maza, ba wanda ya gan ta don a lokacin ba a gwadawa? Ko a jinina take, na ba shi ita tun yana ciki?

Kwanakin jiran nan ban san yadda na yi su ba. Ina wanki sai in tsame hannu in je in taɓa goshinsa. In ya yi barci mai nauyi in tashe shi, ya yi kuka, sai hankalina ya kwanta. Takardar na sa ta cikin katin awo, in ciro in kalla in mayar, har ta fara yagewa a wurin ninki. Wani lokaci in ga kibiyar kamar albishir, wani lokaci kamar yatsa mai nuna hanya. A famfo mata suna gaishe ni da kyau, fiye da da, amma ba wadda ta ƙara cewa kawo shi in riƙe miki.

Sai na goya shi na tafi Maamobi da safe. Mma na tsaye bayan babbar tukunyarta, mutane sun yi layi da kwanuka. Da ta hango mu ta washe baki, ba don ni ba, don jikanta.

"Maigidana! Ka tuna da ni yau? Ina kuɗin cefane? Mijin banza, sai kumatu."

Na jira layi ya ragu. Na matsa kusa da ita na ce, "Mma, likita ta tambaye ni abin da ya ɗauki yayyena maza."

Ludayin bai tsaya ba. "Riƙe mini ganyen nan."

"Mma."

"Wanda ya ba da su Shi ya karɓi abinSa. Me likita za ta yi da wannan? Za ta dawo da su ne?"

"Ba su za ta dawo da su ba. Wannan take so ta riƙe."

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da ta yi mini ranar hula. "A bakin hanya za ki tone ni? Ke ba ki da kunya ne?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba, ranar ma ban mayar ba. Na kwance goyo don in gyara in tafi. Ta karɓe shi kamar yadda ta saba, ta kai fuskarta wuyansa za ta yi masa wasa. A nan audugar kunnensa ta faɗo, jiƙe. Na ga hancinta ya buɗe. Ta tsaya cak, yaro a hannu, mai saye na kiranta Maame yana cewa a ƙara mini taliya, ba ta ji ba. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙo mini shi, ta ce in tafi gida rana na yi.

Ranar ganin likita na fito tashar trotro, sai ga Mma zaune a kan bencin mai sayar da burodi, da mayafinta na Juma'a. Ranar kasuwa ce, ranar da ta fi ciniki, ta bar wa yayata tukunya. Ba ta ce ga abin da ya kawo ta ba, ni ma ban tambaya ba. Ta karɓi yaron, muka shiga mota.

Likita ta shimfiɗa takardar a tebur. Ban bari ta fara ba, na ɗora yatsa a kan kibiyar na ce wa nas, "Don Allah tambaye ta, wannan mai kyau ce ko marar kyau?"

Likita ta ce ba a karanta ta haka. Nas tana juyawa, ni ina kama abin da zan iya. Ta ce a cikin jini akwai masu tsaro iri-iri. Su CD8 aikinsu kisa ne: in ƙwayar cuta ta shiga cikin wani ɗan yanki na jiki ta ɓuya, su ne ke gano wurin su hallaka shi da abin da ke ciki. Su CD4 kuma su ne ke kira da tsara faɗan. In jiki na fama da wata cuta, ko bai daɗe da gamawa ba, masu kisan nan sukan ƙaru, kamar yadda ake ƙara masu gadi a unguwar da ɓarayi suka dama. In an samu lafiya sukan ragu. Ta ce kuma waɗancan lambobi biyu-biyu na gefe, da na ga ɗana ya wuce, ma'aunin manya ne injin ya buga. Ƙananan yara dama nasu ya fi na manya yawa. In aka auna shi da sa'o'insa, ya ɗan hau ne kawai, hawan da ba ya ba ta mamaki ga yaron da kunnensa ke ruwa.

"Abin da na ji tsoro," in ji ta, "shi ne in ga babu su, ko sun yi kaɗan ƙwarai. Suna nan."

Na ce, "An ce gwajin masu ciwon nan ne."

Nas ta yi tsaki tun kafin ta juya. Likita ta ce ana yi musu, gaskiya ne, don a ga ƙarfin jikinsu, amma ana yi wa wasu da yawa, kuma wannan takarda ba ta cewa mutum na da wancan ciwo ko ba shi da shi. Wancan gwajinsa dabam, an yi wa ɗana tun zuwanmu na farko, babu.

Na fara tattara jaka, a zatona an gama. Likita ta ɗauki biro za ta rubuta maganin kunne, ta ce za a sake gwajin in ya warke a ga ko lambar ta sauka. Sai ta dubi tsohuwar da ke zaune a gefe ta ce, wannan fa? Na ce mahaifiyata ce. Ta ce, ita ce uwar waɗancan yaran?

Nas ta juya tambayar cikin ladabi. "Mma, ki yi haƙuri. Za ki iya tuna yadda ciwonsu ya kasance?"

Na san za ta ce alhamdu lillahi.

Mma ta juya fuskarta ga bango. Da bangon ta yi magana, ba da mu ba, kuma ba ta kira sunan kowa ba.

"Na farin lafiya lau aka haife shi. Har ya fara zama. Sai kunne. In an tsane ya dawo. Sai ƙirji. Ƙirjin ne ya tafi da shi." Ta ci gaba da kallon bango. "Na biyun ma haka. Kunne, ƙirji. Warin ɗaya ne da na wannan." Ta gyara mayafi. "Ina da wa, ɗan'uwana ciki ɗaya. Uwata ta ce shi ma bai yi tafiya ba."

Ban taɓa jin ina da kawu ba sai ranar.

Likita ta ajiye biron. Ta ce a sake maimaita mata, nas ta maimaita. Ta tambaya, matan fa, duk lafiya? Mma ta ce wa bango, duk lafiya. Sai likita ta jawo takardar ta buga ta da yatsa, ta ce wannan iri biyu kawai ta ƙirga. Akwai wani tsaron da ba ya cikinta sam, wanda jiki ke haɗawa ya zuba cikin ruwan jini. Jariri yakan fito da na uwarsa, ya riƙe shi watannin farko, in ya ƙare sai ya fara yin nasa. Akwai yaran da ke makara wajen yi, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya yi, kuma wani irin wannan yakan bi ta wajen uwa ya kama maza ya bar mata. Ta ce ba ta ce shi ne ba. Amma da abin da ta ji yanzu, ba za ta jira kunne ya warke ba, yau za a sake ɗiban jini.

Wato duk kwanakin da na yi ina kallon kibiya, abin da nake tsoro ba ya ma kan takardar.

Mma ce ta riƙe shi aka soka allurar. Yana ihu tana cewa, "Haba maigida, namiji da kuka? Gobe sai in sake miji." Ba ta sake shi ba har aka gama.

Da wannan sakamakon ya fito ban buɗe shi a mota ba. Na sa shi cikin rigata, na wuce tsakar gida Hajiya na kira, na ce mata fitsari ya matse ni. Likita ce ta fara karanta shi. Wancan tsaron na ruwan jini ya yi ƙasa. Ta ce har yanzu ba za ta iya yanke ko makara ce ko ɗayan ne ba, sai an bi shi an ƙara wasu gwaje-gwaje. Ta sa shi a kan maganin da ke tare cuta kafin ta kama, ta ce kar a yi masa wata allurar rigakafi sai an tambaye ta, kuma duk zazzaɓi, ko da ƙarami, kar in tsaya shagon magani, in kawo shi. Ta ce ko da ɗayan ne, akwai abin da ake ƙara wa irin yaran nan ta jijiya, suna girma. Lambar CD8 kuwa, da aka sake bayan kunnen ya bushe, ta sauko da kanta.

Anti mai ɗinki ta ɗinka masa riga ta kawo, na karɓa. Yarinyar nan ta dawo wasan murfin tukunya.

Yanzu yana tafiya, yana ma gudu, yana jan mayafin Mma yana ce mata matata. Ya wuce inda yayyena maza suka tsaya. Tsoron bai bar ni ba, har yanzu ina taɓa goshinsa ina wanki, kuma muna kan zuwa asibiti. Na gaya wa yayyena mata duk abin da Mma ta faɗa wa bango, don 'ya'yansu mata ma wata rana za su haihu.

Ina roƙon duk uwar da ta binne yaro ƙarami, ko da shekaru nawa ne suka wuce: ki zaunar da 'ya'yanki mata ki gaya musu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Ba sai kin kira suna ba, ba sai kin dube su ba. Ki dai faɗa, tun kafin likita ta tambaye su su ce ba su sani ba.